Hidde da Keken da Ya Ƙi Shiga Ƙofa

"Akke, ni za a kawo wa zancen tef ɗin awo? Shekara talatin da takwas ina buɗe wa jiragen ruwa gadar garin nan su wuce. Jirgin ruwa yana can nesa kamar ƙuda, in dube shi sau ɗaya in ce wannan zai wuce, wannan ba zai wuce ba. Idona ne tef. Keken yara ne zai gagare ni?"

Maigidana ke nan, Hidde, Akke kuwa ni ce. Ran Asabar da safe ya yi wannan magana, baki cike da burodi, yana nuna ni da wuƙar shafa man shanu. Ina son tsohon nan, kada ku ji ina ba da labarinsa ku zaci wani abu. Shekararmu arba'in da shida tare. Amma tun da ya yi ritaya ya rasa jiragen da zai ba umarni, sai ni da tukwanena.

Ga abin da ya kawo maganar. 'Yarmu Renske ta haihu ta sake haihuwa, tsakanin Jelle da ƙanwarsa Minke wata goma sha uku ne cif. Ta biyun aiki aka yi mata. Mijinta kuma yana teku, sai ya yi wata biyu bai ga ƙasa ba. Tana hawa na uku a tsohon gidan nan na bakin ruwa a garinmu Dokkum, saman shagon Auke mai cuku, kun kuwa san matakalar irin gidajen nan, tsani ne kawai aka shafa wa fenti. Mako bakwai yarinyar nan ba ta taka titi ba. Ran Alhamis na same ta tsaye jikin taga tana kallon masu wucewa, hawaye na zuba ba sauti.

Ta ce, "Mama, likita ya ce in fara sauka. Ni kasuwar Asabar kawai nake son zuwa da 'ya'yana. In zaɓi tumatir da hannuna in dawo."

Abin da ake bukata shi ne keken tura jarirai mai ɗaukar yara biyu, wanda zai riƙa kwana a zauren ƙasa, bayan ƙofar titi. Renske ta ba ni zaren ulu ja wanda aka yanka daidai faɗin ƙofar. Na sa shi a jaka. Kasuwa kuma ƙarfe huɗu take watsewa.

A shagon kayan jarirai wata mata mai haƙuri ta nuna mana iri uku. Na farko, yaro ɗaya gaba ɗaya baya.

Hidde ya ce, "A'a. Na baya zai tashi yana kallon ƙeyar ɗan'uwansa. Haka ake shuka gaba a cikin dangi."

Na biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

"Jikata dankali ce da za a tura ta kwandon ƙasa? Wuce da shi."

Sai ga na uku, kujeru biyu gefe da gefe, kore shar, tayoyi kamar na tarakta. Idon Hidde ya kawo ruwa. Ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya, kamar mai duba saniya a kasuwa. Ni kuwa na zaro zarena na shimfiɗa daga taya zuwa taya. Zare ya ƙare, keke bai ƙare ba. Saura yatsa huɗu.

Na ce, "Baban Renske, ba zai shiga ba."

"Ulu ne fa. Ulu yana tsukewa in ya ji sanyi."

"A cikin jakata ya ji sanyin?"

Ya rufe ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa gaba, ya karkata kai. "Zai shiga har da sauran wurin kyanwa."

Matar shagon ta buɗe baki za ta yi bayani, ya soma ba ta labarin wani jirgin yashi da ya taɓa wucewa da shi ta gada cikin hazo. Kafin ya kai rabi baiwar Allah ta rubuta mana rasit.

Sha ɗaya da rabi muka iso gidan Renske, shi yana tura keke a tsakiyar titi yana gaida mutanen da bai sani ba. Ya saita ƙofa, ya ja baya, ya taho. Ƙwas! Tayar hagu ta ci karo da katako. Ya koma ya gyara. Ƙwas! Ta dama.

Ya ce, "Gidan nan ya karkace."

"Shekara ɗari uku yana tsaye, yau ya ga damar karkacewa?"

Ya ari sukundireba a shagon Auke ya cire ƙofar gaba ɗaya, ya jingine ta a bango. Ya sami ƙarin yatsa biyu. Keke kuma huɗu yake nema. Ya kwantar da shi ta gefe, hannun turawa ya tokare matakala. Ya shigar da shi da baya, kamar keken zai manta faɗinsa in bai ga ƙofar ba.

Renske ta leƙo daga sama. "Baba, lafiya? Na ji kamar ana rushe gida."

"Koma ciki, 'yata, aikin maza ne!"

Nan ne ya ɗaga kai ya ga ƙugiyar nan ta saman gida, wadda ake jan kabad da gado da ita a shigar ta taga. Na ga fuskarsa ta yi haske.

"Ta sama zai shiga."

Na ce, "To Sarkin Gada, in ya shiga ta sama, ta ina zai fito?"

"Ta inda ya shiga. Kullum da safe in zo in sauke, da yamma in mayar."

"Kai da ba ka iya ɗaure takalminka sai ka zauna?"

Bai ji ba. Auke yana da igiya da 'yar tayar ƙarfen da igiya ke bi ta kai. Hidde ya hau sama yana haki, ya rataya, ya sauko yana haki, ya ɗaure keke. Ja ɗaya ya yi iska ta ɗebi keke ta buga da gilashin shago. Auke ya fito a guje, hannu a ka.

Hidde ya ce, "Ba nauyi ne. Jirgin da ba kaya dole ya yi rawa. Auke, ara mini cuku biyu, manya."

Auke mutum ne da bai iya cewa a'a ba, shi ya sa har yanzu surukarsa ke zaune gidansa. Ya mirgino dunƙule biyu, rawaya, kowanne kilo goma sha biyu. Hidde ya zaunar da su a kujeru ya ɗaure musu bel. Sai yayyafi ya sauko.

Auke ya ce, "Kada su jiƙe fa."

Hidde ya ɗauki barguna biyun da na saƙa wa jikokina, shuɗi da ruwan hoda, ya lulluɓe su tsaf har wuya, ya jawo rumfar keken ya rufe. Wallahi ni kaina da na duba sai da na ji kamar in yi musu wasa.

Ya tofa yawu a tafin hannu ya fara ja. Keke ya wuce shago. Ya wuce hawa na biyu da kyar. Sai tayar baya ta shige cikin ƙarfen fitilar bango, ta zauna daram. Ya ja, ba ta zo ba. Ya ɗan saki, keke ya tuntsura gaba, fasinjoji suka leƙo ƙasa. Ya yi maza ya ja. To fa. Sama ta ƙi, ƙasa ta ƙi, ga tsoho tsaye a titi hannu biyu a sama kamar wanda 'yan fashi suka tare.

A daidai lokacin Minke ta farka. Tagar sama a buɗe take saboda igiya. Yarinyar nan muryar kakanta ta ɗauko, in ta tsala kuka har ƙetaren ruwa ana ji. Jelle ya ji ƙanwa na yi, shi ma ya kama.

Ku dai ku tsaya a matsayin mai wucewa. Ga keken yara yana lilo a sama, ga barguna biyu, ga kukan yara biyu.

Wata mata ta yar da kwandonta ta ƙwalla ihu. Kafin in ƙifta ido rabin kasuwa ta dawo ƙofar gidan. Masu kekuna suka tsaya, wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya kashe inji. Maza huɗu suka fizge rumfar mai sayar da kifi suka shimfiɗa a ƙasa, suna matsawa hagu da dama duk inda keke ya yi.

Hidde ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankali, cuku ne!"

Griet mai gidan burodi ta taso masa. "Cukun gidanku! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin cuku ya yi kuka ba. Mugun tsoho, ka saki igiyar nan ka ga yadda zan yi da kai!"

"To ai ban saki ba!"

"Kada ka kuskura!"

Na yi ta cewa gaskiya yake faɗa, amma wa zai saurari tsohuwa mai zare a hannu? Na nemi Auke ya ba da shaida, ashe ya shige shago ya juya allon ƙofa, wai an tashi.

Sai jiniya. Motar 'yan kwana-kwana ta toshe titi, tsani ya miƙe. Wata ma'aikaciyarsu, doguwa kakkaura, ta hau da sauri tana cewa, "Yi shiru, yi shiru, ga ni nan, 'yan lelena." Titi ya yi tsit, sai kukan sama. Ta kai hannu a hankali ta ɗaga bargon ruwan hoda.

Ta daɗe a haka. Ta ɗaga shuɗin ma. Sannan ta dubo ƙasa ta ce, "Wane ne mai igiya?"

Mutum ɗari suka nuna mata shi.

Sai an rage nauyi za a iya zare tayar, don haka ta kwance ɗaya ta rungumo shi da bargonsa ta fara saukowa. Na baya ba su san abin da ake ciki ba, suka ɓarke da tafi. Griet tana kuka tana cewa a ba ta ta riƙe. Aka ba ta. Ta buɗe bargo za ta sumbaci goshi, ta yi ido huɗu da tambarin shagon Auke.

Dariyar da aka yi a titin nan, har agwagin ruwa sai da suka tashi.

Da keke ya sauko ƙasa aka cire cuku na biyu, ma'aikaciyar ta cire hular kwano ta tambayi Hidde me ya kai shi. Ya gyara murya ya fara bayanin faɗin ƙofa da karkacewar gida. Ba ta bari ya gama ba. Ta sa ƙafa ta taka wani abu a bayan keken, ta ja hannun sama. Ƙaras! Keke ya naɗe ya zama kamar teburin guga. Ta ɗauke shi da hannu ɗaya, ta shiga zaure da shi, ta fito, ta sake takawa ya buɗe.

Ta ce, "Baba, irinsa gare ni a gida. Duka haka suke yi."

Hidde ya ce, "Na sani. Ƙarfin igiyar nake gwadawa."

Ni kuwa na hango abin da ya fi shi. Renske ce tsaye a bakin ƙofar da ba ƙofa, Minke a ƙirji, Jelle riƙe da siket ɗinta, silifas ɗin ɗaki a ƙafarta. Hayaniya ce ta sauko da ita ba ta ma sani ba. Yayyafi na sauka a fuskarta, ta rufe ido tana shaƙar iska kamar mai shan ruwa. Na ce a raina, to, ko banza.

Muka zaunar da yara. Kujerun sai warin cuku, Jelle ya fara lasar bel. Ƙarfe uku da kwata.

Hidde ya ce, "Ku ba ni wuri, ni zan tura."

Amma hannuwansa sun ƙi saukowa. Sun sandare a daidai kunne, yatsu a dunƙule. Renske ta sumbace shi a kumatu ta ce, "Baba, ka tsaya ka tsare gidan. Ka ga ba ƙofa." Muka bar shi tsaye a zaure hannu a sama, duk wanda ya wuce sai ya ɗaga masa hannu shi ma. Tumatir shida ta saya, kowanne sai da ta juya shi ta shinshina.

Washegari da safe na buɗe labule na ga taro a ƙofar gidanmu. An kafa mana shamuwar katako a cikin furanni, irin wadda ake kafawa gidan da aka yi haihuwa. Griet na tsaye gaba da faranti. Hidde ya fita da rigar barci, wuya duk man zafi, ya karanta allon da ke wuyan shamuwar: "An sami ƙaruwa gidan Hidde. Tagwaye, kilo goma sha biyu kowanne."

Griet ta miƙa masa farantin, busasshen burodin barka ne. Ta ce, "Ka yi haƙuri, mai jego. In namiji ne shuɗin sukari muke barbaɗawa, in mace ce ruwan hoda. Naka mun duba mun duba ba mu gane ba, sai muka sa rawaya."