Taku Ashirin da Shida na Mai Girma

Yau da safe aka kore ni daga hanyar masu tafiya da ƙafa, laifina kuwa shi ne na zo da ƙafa. Ban yi musu ba. Mutumin da ya kore ni yana da sanda da hular aiki, ni kuma abin da nake da shi hawan jini ne kawai.

Bari in ɗauko muku daga farko. Wata biyu da suka wuce na je asibiti da ɗan ciwon kai. Likitar ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta dubi lambar, ta dube ni, ta sake awon. Ta tambaye ni ko a gidanmu akwai wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Na ce akwai Yayana. Tela ne, shekara talatin yana zaune a bakin keke, in ban da ƙafar da ke taka keken babu abin da ke motsi a jikinsa. Bara waccan ya faɗi da almakashi a hannu, tun daga ranar ƙafarsa ta hagu sai jan ta yake yi.

Ta ce, “To, Malam, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san abin yi. Ga magani, ka rage gishiri. Sannan tafiya ta rabin awa kullum, da ɗan sauri, aƙalla kwana biyar a mako. Zuciya tana son a ba ta aiki.”

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ni na ɗauki Yaya na sa a mota ranar da ya faɗi, na san nauyin mutumin da rabin jikinsa ya daina jin magana.

Amma likita ba ta san unguwarmu ba. Gefen titinmu an haƙe shi za a sa bututun ruwa tun babbar 'yata tana goyon fari, yanzu yaron yana gudu, ramin na nan, bututun bai iso ba. In ka bi tsakiyar titi masu babur su yi maka aski, in ka matsa gefe ka faɗa aikin raya ƙasa. Na gaya wa uwargida cewa tafiyar nan za ta iya kashe ni kafin hawan jinin. Ta ce in zaɓi ɗaya in gaya mata, ta miƙo mini takalmi.

Ana haka sai maƙwabcina wanzami ya kawo albishir. Mai Girma Babban Mai Kula da Zukatanmu, Allah ya ƙara masa kujera mai laushi, ya sa an shimfiɗa hanyar tattaki a gefen tsohon filin ƙwallo, kusa da gidan Yaya. Na je na gani da idona: shimfiɗa sumul, ga 'yan bishiyoyi, ga benci. An kewaye ta da waya, an sa ƙofa, an garƙama kwado.

“Yaushe za a buɗe?” na tambayi mai gadi.

“Sai an ƙaddamar.”

“Yaushe za a ƙaddamar?”

“Sai Mai Girma ya samu lokaci. Yana ƙasar waje ana duba masa zuciya.”

Yau dai lokacin ya samu. Na yi sammako, na yi tafiyar kwata ɗin awa zuwa gidan Yaya, domin a asibiti sun ce ya riƙa gwada ƙafar a kan ƙasa mai laushin taku, shi kuma tsakar gidansa taku goma sha biyu ce. Tun da ya kwanta ya koyi ƙirga taku, komai nasa da lissafi kamar awon riga. Ya sa hularsa ta fita kunya, ya ɗauki sanda, muka lallaba. Taku ɗari uku da bakwai, in ji shi, muka iso ƙofa.

A nan mai sanda ya tare mu. Ya ce yau ranar tattaki ce, ba a shiga sai da riga mai hoton zuciya. Na ce a ina ake samun rigar? Ya ce a ciki. Na ce wannan bawan Allah shi ne ainihin wanda aka yi hanyar dominsa. Ya dubi Yaya sama da ƙasa, ya ce zai rage wa tawaga sauri.

Sai muka tsaya a bayan waya tare da wanzami. Can sai ga jiniya. Mota goma sha ɗaya, kuma da yake rana ta fara zafi, aka shigar da su har kan shimfiɗar, don kada manyan baƙi su wahala kafin su iso wurin tattaki. Muna jin duwatsun shimfiɗar suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya. Mai Girma ya fito da sabon takalmin gudu fari fat, wani na riƙe masa laima, wani ruwa, wani tawul. Ya taka daga mota zuwa inda aka ɗaure zare, ya yanka, aka tafa. Sannan ya yi jawabin minti arba'in a kan illar zama wuri ɗaya, a zaune.

“Ashirin da shida,” in ji Yaya. “Har da wanda ya ja da baya don a ɗauki hoto.”

Wanzami ya ce ai babban mutum takunsa ɗaya ya fi namu dubu, tunda a madadinmu yake yi. Na ga gaskiyarsa. Ni kaina na ji zuciyata ta ɗan yi sauƙi.

Da motocin suka fice, mai gadi ya mayar da kwadonsa. Ya ce an rufe don gyara, shimfiɗar ta farfashe. Za a kafa kwamiti ya binciko abin da ya fasa ta, ana zargin jama'a.

Muka juyo. A ƙofar gidansa Yaya ya jingina da bango yana haki, ya ce ɗari shida da goma sha huɗu, rabonsa da irin wannan tun yana da ƙafa biyu. Sannan ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya.

“Gobe ma ka zo mu je mu duba kwadon.”

Na ce, “Yaya, ai ba za su buɗe ba.”

Ya ce, “Na sani. Kai nake so ka tako zuwa nan ka koma. Ni tawa ta riga ta same ni. Ba na son in ga ranar da za a sa ka a mota, ni kuma ba ni da hannun ɗaukarka.”

Na juya na kama hanya. Da na isa gida na duba agogo, zuwa da dawowa rabin awa cif, ban da rakiyar Yaya. Uwargida ta ce ashe gwamnati tana aiki.

Saboda haka ina miƙa godiya ga Mai Girma, wanda ya samar mana wurin zuwa kowace safiya. Roƙona ɗaya, in kwamiti zai sauya kwadon, a sa mai ɗan kyau, tunda shi muke zuwa kallo.