Ɓarawon da Sufeto Mamuda Ya Kama

Duk wanda ya san majalisar gindin darbejiya ta bakin tasha ya san kujera ɗaya ce tak mai majingina a wurin, sauran duk benci ne mai yaga riga. Kujerar kuwa ta Sufeto Mamuda ce tun ranar da ya ajiye kaki. Ba saya ya yi ba, da baki ya ci ta. A faɗarsa, bincike bai taɓa gagararsa ba, wai har ɓarawon akuya ya taɓa ganewa daga atishawa.

Ran nan taubashinsa Alhaji Ilu, wanda ya daɗe yana harin kujerar saboda ciwon baya, ya zo da wani sabon wasa a waya. An sace wa wata attajira sarƙar zinariya a wani makeken gida, kai kuma ka riƙa tura wani ɗan mutum mai doguwar kwat ɗaki-ɗaki, kana kwance ƙulle-ƙullen da aka shirya har ka gano ɓarawo.

"Sufeto, ga aikinka ya biyo ka gida," in ji Ilu. "Ko idon ya tsufa?"

"Kai dai ka tsufa. Miƙo nan. In Juma'a ta yi ban kawo maka ɓarawo ba, ɗauki kujerar."

Da farko abin ya burge shi. Ya yaba zanen gidan, ya yaba ƙarar ƙyaure, har ya waiga da wata mage ta yi kuka a ciki. Kwaɗon ƙofar waje sai an jera hotunan tsuntsaye yake buɗewa, ya jera, ya buɗe, ya bi jama'a da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Da ya isa ƙofar ɗakin matar gidan sai ya ja ya tsaya. Ya yi gyaran murya, ya rafka wa waya sallama. Shiru. Ya ƙara. Shiru.

"Shiga mana," in ji Ilu.

"Ɗakin matar aure? Ba a amsa ba, maigidan kuma ba ya nan? Ba haka aka rene ni ba."

Amma da ya tuna da majingina, ya yi istigfari ya kutsa. Daga nan ido ya buɗe. Duk abin da ya dangwala, mai kwat ya ɗauke ya zuba aljihu: makulli, kyandir, almakashi, rabin madubi, har da tsani. Sufeto ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin aljihun da ya ci tsani ba. Ya ƙyalla ido ya ga kukun gidan, ya ce wannan ne ɓarawon, a dubi idonsa kawai. Wasa ya ce sai da hujja. Ya nemi inda ake dannawa a tsare mutum ya ɗan kwana, babu. Ƙarshe dai wani agogon bango da ake juya wa hannu ya tsare shi, ya juya gaba, ya juya baya, har Alhamis ta wuce agogo bai ce uffan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, majalisa ta cika. Sufeto ya harɗe a kujera ya ajiye waya a cinya.

"To, ina ɓarawo?" in ji Ilu, yana dafe da ƙugu.

"Ga shi nan, mai kwat! Ku masu ƙaramin sani kuna can kuna neman na nesa. Mutumin nan ya shiga gidan mutane ba izini, ya afka ɗakin matar aure, ya ɓalle akwati, ya kwashe kaya a gaban idona. Ba wani ɓarawo a gidan nan sai shi. Bincike ya ƙare!"

Majalisa ta ɗauki sowa. Ilu ya jira ta lafa, ya kama hannun Sufeto na dama ya ɗaga sama.

"Jama'a ku shaida, mai kwat bai taɓa ko tsinke ba sai da yatsan nan ya tura shi. Tashi ka koma benci, ranka ya daɗe, can waɗanda ake tuhuma suke zama."