Yatsan Hajiya Assibi

"Lafiya lau, sai dai mijin da Allah ya haɗa ni da shi ne ba shi da amfani. Sati uku ban ga ƙeyarka ba, yau ka shigo da jaka a hammata kana washe baki. Me ka ɓata?"

Haka Hajiya Assibi ta amsa gaisuwar jikanta Kamarou, ko ɗago kai ba ta yi ba daga sabulun da take mulmulawa. Shekara arba'in ke nan tana dafa sabulun toka da kanwa a tsakar gidan nan na Zongon Kwatano, a ƙasar Benin, kuma bakinta ya fi kanwar zafi.

Kamarou dai ya ɓata abu, ba ƙarami ba. Kundin digirinsa na biyu yake rubutawa a kan yadda na'urorin zamani ke barin wasu mutane a baya, kuma babi na uku kacokan a kan kakarsa ya yi shi, ya laƙaba mata suna "Tsohuwa A." Bai taɓa yi mata tambaya ko ɗaya ba. A ɗakinsa na unguwar Agontinkon ya zauna ya tsara komai, wai ai ya san ta. Sai malamarsa, Madam Latifatou, ta ce in babu takardar yardar matar, babu babin, in kuwa babu babin, babu kare kundi ranar Alhamis. Kuma takardar yau take son ta, kafin ƙarfe huɗu.

Ya durƙusa ya ajiye mata ƙullin wagashi mai ɗumi.

"Amarya, kewarki ce ta kawo ni."

"Amarya a bakinka. Cuku ne ka kawo wa mai haƙora talatin da biyu?"

"Talatin da biyu har da na maƙwabta? Ni dai huɗu nake gani, su ma biyu suna shirin tafiya."

"Huɗun nan sun tauna abin da kai da iniversite ɗinku ba ku taɓa gani ba. Fito da abin da ke jakar."

Ya zaro takarda da ɗan akwatin tawada, ya tura gabanta a hankali kamar mai ba yaro magani.

"Ɗan yatsa kawai za ki dangwala nan. Ba komai ba ne."

"Duk wanda ya ce mini ba komai ba ne, gida yake son sayarwa. Saki na ka rubuta?"

"Wa zai sake ki? Ai ko na sake ki ba mai ɗauka. Bincike ne, na sa ki a littafi."

"To karanta mini. Da Hausa, ba da wannan Faransancin naka mai fita ta hanci ba."

Kamarou ya duba agogo, biyu saura. Ya yi niyyar ya tsallake wasu layuka, amma ya san tsohuwar tana gane ƙarya tun daga numfashi. Ya buɗe babin ya fara fassarawa.

"Tsohuwa A. ba ta yi boko ba. Saboda haka wayar zamani a hannunta ba ta da bambanci da dutse. Tana cikin dubban matan da fasaha ta wuce ta bar su…"

Hajiya ta ajiye sabulun, ta goge hannu a zane.

"Wace ce wannan baiwar Allah? A kai mata sadaka."

"Ke ce mana."

"Ni? To miƙo mini dutsena, yana nan ƙarƙashin faifai."

Ya miƙa mata wayar. Ta shafa fuskar wayar da gefen ɗan ƙaramin yatsa, sai ga hotuna jere. Babu suna ko ɗaya, hoto ne zalla.

"Wannan tayar mota, direban Malanvil ne. Wannan buhun kanwa, mai kawo mini kaya daga Paraku. Wannan jan kallabi, Mamata ce ta Seme, mai ɗaukar katan goma-goma. In ina son mutum, na taɓa hotonsa, na danne nan, na faɗi maganata, ta tafi. Shi ma ya faɗo tasa. Wane karatu kake so in yi?"

"Wa ya shirya miki wannan?"

"Wa ya shirya maka hanci? Ni na zauna na tsara abina. Mata goma sha ɗaya na koya wa a layin nan, har da wata a unguwar Sainte-Rita da ta zo a zemijan, wato acaɓa, takanas."

Kamarou ya karɓi wayar yana ja sama, bakinsa a sake. Shekara biyu yana karanta littattafan masana a kan yadda za a ƙera abin da talaka zai iya amfani da shi, ashe abin yana ƙarƙashin faifan kakarsa. Ya tsaya a kan wani hoto.

"Wannan kwanon da aka suɗe fa, waye?"

"Taɓa ka gani."

Ya taɓa. Wayar da ke aljihunsa ta ɗauki kuka.

Hajiya ta yi dariya har huɗun nan suka bayyana duka. "Na nemi abin da ya fi kama da kai a gidan nan, ban samu wanda ya kai shi ba."

"Allah ya isa, tsohuwa. Zan ƙara aure."

"Ƙara. Ita ma kwanon za ta sa maka."

Ya so ya tsira da ɗan mutuncinsa, sai ya juya shafi. "To ki tsaya, akwai inda ba ki da ta cewa. Kawu Moumouni ya gaya mini sau uku kina zuwa wurin rajistar layin waya kina dawowa hannu wofi. Na rubuta cewa na'urar ce ta fi ƙarfin ganewarki. Wannan ma ƙarya ce?"

Dariyar ta tsaya. Hajiya ta ɗauki sabulu ta mayar ta ajiye.

"Moumouni bakinsa ba ya rufuwa," ta ce. Ta miƙo masa babban yatsanta. "Duba nan, malamin bincike. Me ka gani?"

Ya riƙe yatsan ya kai kusa da ido. Sumul yake kamar bayan cokali. Zanen nan da ke yatsan kowa, babu ko layi ɗaya. Ya duba sauran, duk haka suke.

"Kanwa ta cinye," ta ce. "In na ɗora a gilashinsu, sai jar wuta. Yarinyar wurin ta ce in wanke hannu. Ni, mai sabulu. Na wanke. Ta ce in goga a goshi. Na goga. Ta ce Mama, matsa, na baya ya zo. Sau uku. Kuma sun ce ƙarshen wata duk layin da ba a yi wa rajista ba za a rufe shi. Mu huɗu ne masu sabulu a layin nan, dukanmu jar wuta."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaya?"

Kunya ta kama Kamarou, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa. Shafi ashirin da shida ya rubuta a kan matar nan, bai taɓa kallon hannunta ba.

"Da yatsan nan na yi zaɓen farko bayan babban taron ƙasa," ta ci gaba, muryarta ta fara dawowa daidai. "Daga asuba na bi layi, uwarka tana gefena da cikinka. Aka tsoma shi a tawada, kwana biyar ina nuna wa mutane. Ran nan ba wanda ya ce in goga a goshi. Yanzu an kawo na'ura mai tsada ta ce ba ta san ni ba, kai kuma ka zauna ka rubuta wai ni ce ban san ta ba. Da kai da ita duk malaminku ɗaya."

"Na ji. Babin ya mutu."

"Bai mutu ba, ƙazanta ce ta yi masa yawa. Ga sharaɗina. Ka sake shi daga farko, ka zo nan ka zauna ka yi tambaya kamar ɗan mutane. Ka je wurin sauran ukun. Kuma ka cire mini wannan Tsohuwa A. Assibi sunana, mai sabulu, Zongo. In manyan da ke sayo na'urar za su karanta, su san wadda suka mayar gida."

"Kwana uku fa ya rage, amarya."

"A kwana uku nake dafa tukunya biyu in yanka in aika Malanvil. Kai da ba ka ɗaga komai sai biro?"

"In Madam ta ƙi fa?"

"Ka ba ni lambarta. Akwai hoton barkono da ban sa wa kowa ba tukuna."

Ta jawo akwatin tawadar da kanta, ta danna yatsa, ta dangwala a takardar da ƙarfi. Da ta ɗaga, sai ga wani baƙin dunƙule, ba zane ba layi.

Kamarou ya kalla ya girgiza kai. "Wannan ai ƙosai ne. Madam za ta ce ba yatsan mutum ba ne."

"In ta faɗi haka, ka ce mata abin da na'urar ta ce ke nan. Daga nan sai ka fara babinka."

Ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya kwashe da dariya, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama. Shekara biyu ina neman shafin farko, ashe yana hannunki."

"Da ma can komai naka a hannuna yake." Ta zaɓi sabulu mafi girma a faifan ta cusa masa a jaka, kan takardun. "Ungo, kyauta. Ka wanke babin, abin da ya rage ka wanke kunnuwanka, gobe da hantsi za su yi aiki. Tashi, huɗu ta kusa."

Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "In na ci, za ki canza mini hoton?"

"In layin wayar ya kai wata mai zuwa," in ji Hajiya Assibi, ta ɗauki wagashin ta gatsa da haƙoranta huɗu.