Ranar da Na Kai Rigar Ummi Garo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai rigar Ummi Garo ba, ko da kuwa na so in manta.

Sana'ata ɗinka wa yara mata riguna, a nan cikin Gwarzo. Gaban rigar nake tattarewa da allura, ƙanana-ƙanana, sannan in bi kan tattarar da zare mai launi in fitar da furanni. Aiki ne mai cin ido, kuma (in faɗi gaskiya) yana sa mai yin sa jin kai.

Saude, ƙawata tun muna firamare, a Garo take aure. Ita ta kawo min farin yadi mai laushi, ta ce in yi wa 'yarta Ummi rigar da za ta sa a bikin ƙanwar mijinta. Na zage na yi aikin da ni kaina nake tsayawa in kalla. Ana cikin haka wayata ta faɗa bokitin wanki ta mutu. Ban damu ba, tunda na san ranar biki.

Ranar na ci kwalliya da jar atamfa, na sauka Garo da hantsi. Na tarar da maza zaune kan tabarmi a ƙofar gida, na ce a raina 'yan ɗaurin aure ne, na sunkuyar da kai na wuce. Shirun da na ji a zaure bai ankarar da ni ba. Hankalina duk yana kan abin da mata za su ce in sun ga rigar.

Ina shiga tsakar gida na zaro ta daga leda, na ɗaga sama, na rangaɗa guɗa. (Ni da ban iya guɗa ba, ranar ce Allah ya nufa ta fito tsaf.)

Babu wadda ta taya ni. Mata ne zaune cikin hijabai, wasu da carbi a hannu. Saude ta taso, idanunta jajir, ta kama hannuna ta sauke.

"Baba ne ya rasu shekaranjiya," ta ce a hankali. "Na yi ta kiran ki."

Surukinta ke nan, uban amarya.

Na rasa inda zan tsoma raina. Na durƙusa gaban Inna, matar marigayin, ina ƙoƙarin cusa rigar cikin mayafina. Ashe Ummi ta riga ta gani.

"Mama, rigata ce?"

Inna ta miƙo hannu. "Kawo in gani, 'yar nan."

Ta daɗe tana shafa tattarar da yatsa. "Shi ya sayo yadin nan da kansa. Cewa ya yi amaryarsa sai ta fi amaryar kyau." (Haka yake tsokanar jikar tasa.) "Saude, sa mata. Da yana nan da tuni ya sa an sa mata."

Aka sa mata, ta yi mata cif. Ummi ta shiga juyi a tsakiyar mata, ba ruwanta. Inna, wadda aka ce tun rasuwar ba ta yi kuka ba, ta rufe fuska da hijabi ta yi mai isarta. Ni ma na yi, rabi na rashi, rabi na kunya.

Wata dattijuwa ta ara min hijabi na lulluɓe jar atamfata, na zauna a gefe har la'asar ban ɗago kai ba. Da na zo mayar mata zan tafi, sai ta ce, fuskarta ba alamar wasa, "In an sake sa ranar bikin, za mu aika a ɗauko ki. Ba mu da mai guɗa."

Har yau ina ɗinki, kuma har yau ina son a yaba. Sai dai sallama, wadda ɗoki ya hana ni yi ranar nan, yanzu ita nake fara yi, in tsaya a bakin ƙofa sai na ji da irin muryar da aka amsa min.