Ruwan Tsarin da Na Ɓoye a Kanada

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na ɗauki biro. In na fara sai in fasa, ina tsoron kada wani a unguwarmu Ƙofar Wambai ta Bauchi ya gane ni, ko ya zama na tona asirin gidan suruki. Sai da na nemi izininsu tukuna. Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kusa fasa bangon gida a Kanada saboda ni ba.

'Yata ta fari ce ta haihu a can, inda mijinta yake aiki, aka kai ni zaman jego. Mu Fulani ne da suka zauna gari, kun kuwa san mu da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, balle in zauna hira da mijinta. In ina da magana, jaririn nake gaya wa. ("Angona, ka ce wa uwarka kunu na hucewa.")

Gidan nasu can sama yake, sai an shiga lifta. Ranar farko na tsaya a kicin ina ta tasbihi. Famfo ɗaya, ka karkata shi nan ruwan zafi, ka karkata can na sanyi, ba ranar da yake ɗaukewa. Ni da na saba leƙa ƙofa ina jiran ɗan garuwa! Amma gidan ba kwata, ba tsakar gida, ba ƙasa ko ta cikin cokali.

Yarinyar ta nuna mini ramin da ke cikin kwamin wanke-wanke, ta ce, "Inna, ruwa kawai ake zubawa a nan. Ban da mai, ban da tuwo, ban da dusa. Bututun siriri ne, kuma haɗe yake da na mutanen da ke ƙasanmu. In ya toshe, a kicin ɗinsu zai ɓullo." Sauran tarkace kuwa a leda ake ƙullewa, a kai wata 'yar ƙofar ƙarfe a bangon baranda. Ka buɗe, ka saki, ka ji ledar tana tafiya kamar a rijiya. Ikon Allah.

To, mu a gida babu abin da ake kira sauran abinci. Ruwan tsari, wanda aka wanke gero da shi, na awaki ne. Ƙanzo na kaji. Dusa ƙanena ke zuwa daga ƙauyen Miri ya ɗauka wa shanu. Tun ina yarinya aka tsorata ni da wulaƙanta ƙwayar hatsi, kuma ni mutum ce da in abu ya shiga raina ba ya fita. Ga shi kullum sai na wanke gero na dama wa mai jego kunun kanwa.

Sai na lura banɗaki yana jingine da kicin. Duk wanda ya ja ruwa a can, ina jin kurɗawarsa a cikin bangon da bututun wanke-wanke ya shiga. Kada dai a ciki suke haɗuwa? Na ce to in bi ta leda, sai na ga surukina ya jefa ta tare da famfas ɗin jariri. Hagu najasa, dama najasa.

Wa zan tambaya? Da wane baki zan yi wa suruki zancen masai? Na dai gwada ta gefe. Na ce, "Angona, tambayi babanka, ba mai kiwon awaki a unguwar nan?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Inna, sai karnuka. Su ma abincinsu na kanti ne."

Shi ke nan, sai na fara tarawa. Jarkokin man gyaɗa da suka ƙare, robobin madara, duk na cika su da tsari da ɗaurayen tukunyar kunu. Niyyata in ƙanƙarar da ta rufe ƙasa a waje ta narke in sauka in zuba a gindin bishiya. Na sami wani ɗan ɗaki inda tankin ruwan zafi yake, ba mai buɗe shi, na jera su a bayan tankin. (Ni da na san abin da ɗumi yake yi wa gasara tun kafin a haifi iyayen jaririn.)

Wari ya fara. Da farko angona aka ɗora wa laifi, bawan Allah. Daga baya maƙwabta suka kai ƙara wurin mai kula da ginin. Kullum in na idar da sallah sai in ce yau zan faɗa, in na ga fuskar suruki sai in ce gobe.

Aka turo mai gyaran famfo. Mace ce, Baturiya, da takalmi kamar na soja. Ta fito da wata doguwar waya mai ido a baki, ta zura a ramin, sai ga cikin bututu a fuskar wata 'yar talabijin. Wallahi duk da abin da ke cina sai da na matso. Ga hanya tana lanƙwasa, ga wata ta shigo daga gefe, gari guda a cikin bango, mutane suna ta barci a kansa ba su sani ba. Ɗan Adam da aka ba wannan basira, ina ga Wanda ya ba shi?

Ba ta ga komai ba. Ta yi magana da surukina, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce wa matarsa, "Wai da alama bututun ne ya tsage a cikin bango. Sai an yanka shi, a rufe ruwa. Mu koma otal har a gama."

Mai jego ko arba'in ba ta yi ba, ga jariri, ga sanyin da ke ƙone kunne a waje. Na ga idon yarinyar ya kawo ruwa. Baturiyar ta ja layi a bango, ta jona zarto a wuta.

Ban san lokacin da na ce, "Malam, ka ce ta dakata," ba. Ranar na fara yi masa magana kai tsaye.

Na wuce gaba suna biye, na buɗe ɗan ɗakin. Jarkokina sun kumbura kamar akuyar da ta yi ɓarnar dawa. Matar ta ɗan taɓa murfin ɗaya, sai fuuu! Kumfa ta yi tsiri, ta wanke mata takalmi, tsami ya cika gidan.

Ta sunsuna, ta dube ni da hijabina da carbina, ta faɗi wata magana tana murmushi. Surukina ya kama kallon silin.

"Me ta ce?" na tambayi jaririn.

Uwarsa ta riƙe ciki, dariya na neman kayar da ita. "Inna, wai giya kike haɗawa? Wai kakanta ma yana yi, amma bai kai ki ba."

Inna lillahi! Ni da aka je Makka da ni. Da lifta tana ratsa ƙasa, da na shiga ban fito ba.

Da na samu bakin magana, na faɗi dalilina, surukina yana fassarawa. Matar ta daina dariya. Ta ce gaskiya ne, a ƙarƙashin gini bututun duk suna haɗuwa. Daga nan su tafi wani babban wuri inda ake tace ruwan, dattin ya zama taki, ruwan a mayar da shi tabki garau. Kuma a ƙasan bene akwai wani koren durom na sauran abinci zalla, shi ma taki ake yi da shi.

Surukina ya ce, "Inna, da kin tambaya ai da ni zan riƙa kai miki." Shi ya kwashe jarkokin da hannunsa, yana toshe hanci da kafaɗa don kada in gani. Bango dai ya tsira, mai jego ta gama wankanta a ɗakinta. Ni kuma na koyi cewa tambaya ma in ka rufe ta ka ajiye a wuri mai ɗumi, kumbura take yi.

Sai dai tun da na dawo Bauchi wani abu ke hana ni sakat. A hanyar filin jirgi surukina ya nuna mini wani tabki da ba a ganin ƙarshensa, ya ce daga nan ruwan famfonsu yake zuwa. Kada dai shi ne tabkin da matar ta faɗa? Da ruwan nan fa na yi ta alwala wata da watanni. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, na sani, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Don Allah masu karatu, wanda ya zauna a irin ƙasashen nan ko ya san hukuncin ruwan da aka tace, ya taimaka ya yi mini bayani. In akwai ramuwar sallah a kaina, gara in fara tun ina da sauran gwiwa.