Katin Barka da Sallah Daga Turmin Inna

Da Sallah ta matso, na rantse surukina ya fi ƙarfin katin kanti, da hannuna zan yi takardar. Na jiƙa tsofaffin jaridu, na kirɓa a turmin Inna.

Ta ce, "Wanke turmin nan tukuna."

Na ce, "Inna, bar wa masu fasaha aikinsu."

Takarda ta bushe jaja-jaja, gwanin sha'awa. Na je Ƙofar Guga, na durƙusa gaban baƙi na miƙa wa surukin nawa. Alhaji ya kai hanci, atishawa ta sarƙe shi har hularsa ta faɗi. Ashe turmin yaji ne.

Har yau ba na iya haɗa ido da shi. Ƙannen matata kuwa, da an sayo tsire sai su ce, "Yaya, yaji bai ji ba, ɗan yago mana kati."