Ranar Da Malfar Aro Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je Horo Birni nema wa ɗana Sani aure ba. Har yau in na tuna sai in ji rawanina ya yi min nauyi.

Ni manomin albasa ne a Boɗinga, karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni bakin ban dariya. Shekarun baya wasu masu shirya fim suka zo daga Sakkwato suna neman wanda zai fito a Bafulatani. Na ce ga ni (ni da ko akuya ban taɓa tatsa ba). Suka ɗora min malfa, suka ba ni sanda, suka ce in yi ta wauta: in ga mota in ruga daji, in fara alwala da ƙafa, in tsuguna gindin saniya ina tatsa ina shirme. Na yi, aka yi dariya, na riƙa yawo a kasuwa ina jin kaina.

Yarinyar da Sani yake so 'yar makiyaya ce, mahaifinta Malam Buba shi ne limamin rugarsu. Da na bi al'ada na bar wana ya je shi kaɗai, da na huta, amma na nace sai na bi shi. Muna zaune kan tabarma, an kawo fura da nono, wana ya fara gabatar da magana, sai ƙanen Malam Buba ya ƙura min ido. Ya ciro waya, ya laluba, ya miƙa wa liman. Sai ga muryata, da gurɓatacciyar Hausar da na ƙirƙira wa Fulani.

Ludayi ya tsaya min a hannu. Ba wanda ya yi dariya. Malam Buba ya kalla har ƙarshe, bai tsallake wurin alwalar ba. Sannan ya ce a hankali, "Alhaji, wanga Bafulatani a wace ruga kag gan shi? Mu dai ba mu san shi ba. Zancen alwala na bar ka da Allah. Amma wa ka tatsar saniya maraƙi bai fara sha ba?"

Aka ce mu koma gida, za su yi shawara. Kowa ya san ma'anar haka. Sani ya daina haɗa ido da ni.

Na ce ni na ɓata, ni zan gyara. Na hau babur na koma rugar ni kaɗai, ba rawani. Na ce musu ba aure ya kawo ni ba, na zo in ga mutanen da na yi wa ƙarya. Kwana tara ina zuwa. Na bi Malam Buba salla, na ji yana jan surorin da ban haddace ba. Na koyi sakin maraƙi ya sha, a janye shi a ɗaure kusa da uwar, sannan a tatsa. Saniya ta harbe ni sau biyu (a nan kam sun yi dariya, kuma ta halal ce). Rana ta tara liman ya karɓi ƙwaryar tatsar daga hannuna, ya leƙa nonon, ya ce in gaya wa wana ya dawo, amma shi kaɗai.

Bara masu fim suka sake nemana. Na ce in Bafulatani suke so, ga hanyar Horo Birni, surukaina sun fi ni iya ba da dariya. In kuwa wawan manomin albasa suke so, wannan na san shi ciki da waje, kuma ba sai an ara min malfa ba.